Opera ta ban tausayi a bidiyo: ta kan dandamali ko ta fim, wacce za ki kalla?

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. In na fahimci tambayarki kashi biyu ce. Kince an baku aiki a makaranta ku kalli ɗaya daga cikin tsofaffin opera ɗinnan, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, masu ƙarewa da mutuwa ku rubuta sharhi, kika shiga YouTube kika buga La Traviata sai ta fito miki kala-kala, wata kamar fim sak da gidaje da lambu da keken doki, wata kuma mutane ne akan dandamali har ana jin tarin 'yan kallo da tafi, shine kike so ki san wacce ce ta ainihi. Na biyu kuma kince abun dariya ya baki, wai mace tana mutuwa da tarin fuka amma tana zabga ihu kamar tafi kowa lafiya a ɗakin.

Ta dandamalin zaki kalla. Amma ki tsaya in miki bayani, dan itama ɗin akwai hannun wani a cikinta wanda yawancin masu kallo basa lura dashi, kuma a nan makin sharhinki yake.

Waɗancan masu kama da fim, yadda ake yinsu shine a shiga situdiyo a naɗi waƙar gaba ɗaya da makaɗa, a gyara duk inda murya ta goce, in an gama sai a ɗauki kyamara a tafi lokeshin a kunna sautin mawaƙan suna bin baki. Mamin dai, irin wanda kika sani a finafinanmu na Kannywood da na Indiya, bambancin kawai a opera yawanci mai muryar ne yake mamin ɗin muryar kansa. Ba kullum ba ma, a fim ɗin Aida na 1953 Sophia Loren ce a allo amma muryar ta Renata Tebaldi ce. Akwai masu kyau cikinsu ban musa ba, Traviata ɗin da Franco Zeffirelli yayi a 1982 da Teresa Stratas da Plácido Domingo ido yana ƙoshi, Carmen ɗin Francesco Rosi ta 1984 kuma a kudancin Sifaniya aka ɗauke ta cikin rana da ƙura na gaske. Toh amma ki zuba ido a wuyan mai waƙar. Murya ta haye can ƙololuwa, wuya kuma a sake yake, ƙirji baya motsi, ko jijiya ɗaya bata tashi ba. Kuma Zeffirelli ya yanke kiɗan Verdi, wanda ya rubuta opera ɗin, a wurare da dama dan fim yayi sauri, in malaminku yasan abun da karanta sharhinki zai gane wacce kika kalla.

A dandamali babu wannan sauƙin. Ki ɗauki gidan opera na Metropolitan dake New York, kujeru kusan 3,800, gaban dandamali akwai rami cike da makaɗa mutum 70 ko 80 wani lokacin ma sufi haka, ita kuma mace ɗaya tana tsaye babu lasifika, dole muryarta ta tsallake duk wannan goge da ƙaho da ganguna ta isa kunnen wanda ya sayi tikiti mafi arha can sama kusa da rufi. Da huhu da haƙarƙari ake wannan aikin, shekara da shekaru ake yi ana koyonsa. Kuma sau ɗaya ne, in murya ta karye ta karye kenan babu kat babu a sake. Wannan fargabar tana cikin abun da ake sayen tikiti dominsa. Mace na wasan wadda ƙarfinta ke ƙarewa, kuma da gaske bayan awa biyu tana waƙa nata ƙarfin yana ƙarewa, kina ganin gumi kina ganin yadda take satar numfashi tsakanin kalma da kalma. Bidiyon dandamali ne kawai yake kawo miki wannan.

Sai dai kar ki ɗauka kallon bidiyon daidai yake da zama a zauren. Wanda ke zaune a kujera idonsa nasa ne, inda yaga dama yake kai shi. Ke kuwa an zaɓa miki. Bayan mai kiɗan da ya rubuta, da jagoran makaɗa mai sanda, da daraktan da ya tsara wasan, akwai wani mutum na huɗu a mota ko a ɗaki a bayan gini da allo-allo a gabansa, shine daraktan bidiyo, shi yake cewa kyamara ta uku shiga, ta biyar shirya. Misali a Rigoletto ta Verdi, ta 1851, akwai wani wuri a kashi na ƙarshe da mutum huɗu suke waƙa lokaci ɗaya kowa da abun da yake faɗa. A cikin masauƙi basarake na yaudarar wata mace ita kuma tana masa dariya, a waje yarinyar da ya yaudara tun farko tana leƙe ta tsagar bango tana kuka, ubanta na gefe yana ƙulla ramuwa. Verdi ya haɗa muryoyin huɗu ne dan kiji su tare ki gansu tare. Toh daraktan bidiyo ya zaiyi? In ya ja baya ya nuna duka, a waya sun zama ƙanana ba'a ganin fuska. In ya matso kan yarinyar, ya mayar da wurin labarinta ita kaɗai. In ya bi wanda muryarsa tafi tashi, wanda shine malalacin darakta yake yi, sai ki ƙare kina kallon mayaudarin alhali zafin yana waje. Duk wanda ya zaɓa ya riga ya fassara miki wasan.

Ƙwararru ba a take suke yanke wannan ba. Darakta yana zama da littafin kiɗan tun kafin ranar, ya kalli gwaji, ya rubuta a gefen kowace gaɓa kyamarar da zata ɗauka da girman hoton, ranar wasa akwai mai karanta littafin yana ƙirga gaɓoɓi yana kira. Sunan da zaki yi ta cin karo dashi shine Brian Large, Bature ɗan Ingila, asalinsa masanin kiɗa ne har littafi ya rubuta akan marubuta kiɗa na ƙasar Cek kafin ya shahara da kyamara, shiyasa yankansa yake faɗowa daidai inda kiɗa ya juya. Sannan ki sani abun da aka rubuta masa “kai tsaye” a faifai ba lallai dare ɗaya bane, sau da yawa dare biyu ko uku ake ɗauka a haɗa mafi kyau. Wani ma babu 'yan kallo sam, kamar shahararriyar opera ɗin Wagner mai suna Ring da Patrice Chéreau ya tsara a Bayreuth ta Jamus a 1976, a 1979 da 1980 aka ɗauke shi zaure wayam, amma akan dandamalin kuma da bakinsu suke waƙar a lokacin. Sauti ma haka, ana ɓoye makirfo a bakin dandamali wani lokacin har cikin gashin mawaƙi, ba dan zauren yaji ba, dan naɗi kawai, kuma mai haɗa sauti zai iya ɗaga ƙaramar murya ta zama kamar babba. Saboda haka karki rubuta cewa wance muryarta ta cika zaure, daga bidiyo ba'a sanin wannan.

In kina so kiga amfanin kyamara a inda tayi rana, kafin ma ki taɓa Traviata ki nemi Maria Callas a Tosca, a gidan opera na Covent Garden dake Landan, 9 ga Fabrairun 1964. Kashi na biyu kaɗai aka ɗauka, baƙi da fari, minti arba'in da wani abu, hoton ma duk ya tsufa. Abun takaici matar da ake cewa babu kamarta a ƙarni na 20 babu opera ko ɗaya cikakkiya da aka ɗauke ta a dandamali, sai gutsattsari irin wannan. Opera ɗin ta Puccini ce, an fara nuna ta a Rum a Janairun 1900. Shugaban 'yan sanda Scarpia ya kama saurayin Tosca ana gana masa azaba a ɗakin kusa tana jin ihunsa, sai Scarpia yace in tana so a barshi da rai ta bashi kanta. Tito Gobbi ne Scarpia, kuma mugun nasa ba mai zare ido bane, cikin nutsuwa yake komai da ladabi da murmushi, abincin darensa ma aka katse masa.

Wurin da nake so ki tsaya shine bayan ta amince. Ya juya ya zauna a tebur yana rubuta mata takardar izinin fita gari, ita kuma ta nufi teburin abinci ta ɗauki kofin giya dan ta jiƙa maƙoshi, sai idonta ya faɗa kan wuƙa. Babu waƙa a wurin, makaɗa ne kawai a ƙasa-ƙasa. Ki kalli fuskarta. Ba ta zo da niyyar kisa ba, a gabanki tunanin yake shigarta, ido ya sauka kan wuƙa ya koma kan mutumin, jiki ya sandare. Wanda ke zaune can baya a zauren motsin mace kawai ya gani kusa da tebur, ke kuma kina ganin lokacin da mai tsoron Allah ta zama mai kisa. Bayan ta soke shi ta nemi takardar ta ɓamɓare ta daga hannun gawar, har zata fita sai ta dawo ta ajiye kyandir biyu a gefensa ta ɗora masa gicciye a ƙirji, dan duk da haka ita mai addini ce. A 1964 muryar Callas ta riga ta fara gajiya, in ta hau sama zakiji tana rawa, a Yulin 1965 ma tayi opera ɗinta ta ƙarshe a wannan gidan a wannan rawar. Da a situdiyo ne da an goge rawar muryar. Ni kam gara da ba'a goge ba.

Yanzu maganar mai mutuwa tana ihu. Ba ke kika fara dariyar ba. Ranar da aka fara nuna Traviata a gidan La Fenice na Venice, 6 ga Maris 1853, wadda ta fito a Violetta, jarumar labarin mai tarin fukan, sunanta Fanny Salvini-Donatelli, shekararta 38 kuma mace ce mai jiki, ana ba da labarin cewa 'yan kallo sun yi ta dariya ganin wai ita ce tarin fuka ya cinye. Verdi da kansa ya rubuta wa abokansa cewa wasan ya faɗi. Sai a 1854 da aka sake nuna ta a wani gidan a Venice ɗin da wasu mawaƙan sannan ta karɓu. Alhali matar da aka gina labarin akanta, Marie Duplessis, kilaki ce ta manyan Paris da ta rasu a 1847 tana da shekara 23 kacal. Kinga matsalar ta girmi kyamara, kyamara dai ta ƙara tona ta ne, dan kwalliyar da aka yi saboda mai kallo daga nesa in aka matso sai kiga layin gashin kanti a goshi, kiga mawaƙi na rungume da masoyiyarsa amma ido na satar kallon sandar jagora, kiga gawa tana haki.

Abun da zaki riƙe shine a opera waƙa ba numfashin mutum bace, abun dake cikin ransa ne aka ba sauti. In Violetta ta ɗaga murya ba huhunta ne yayi ƙarfi ba, son rayuwarta ne. Kuma in kika saurara da kyau Verdi ba wawa bane, ya rubuta ciwon a cikin kiɗan. Kashi na ƙarshe da goge zalla yake buɗewa siriri kamar zai tsinke, wasiƙar da uban saurayin ya aiko mata da baki take karanta ta babu waƙa, jimlolinta gajeru ne suna yankewa, ta tashi zata sa kaya ta kasa. Ƙarfin da kika gani a ƙarshe kuma da gangan ne, irin sauƙin nan ne da mara lafiya yake samu dab da cikawa har 'yan'uwa su fara murna, ta miƙe tace ciwon ya daina tana jin rai na dawo mata, sai ta faɗi. Ina zargin guntun da kika gani kenan, minti ɗaya na ƙarshe ba tare da awa biyun da suka kawo shi ba.

Puccini shi a La Bohème ta 1896 akasin haka yayi, jarumarsa Mimi lokacin mutuwarta ko uffan bata cewa, barci kamar ya ɗauke ta shikenan. Abokai sun gane ta cika suna raɗa, saurayin bai sani ba yana can yana rufe taga kar rana ta dame ta, sai ya juyo yaga yadda ake kallonsa. Nan ma daraktan bidiyo ne mai hukunci, ya nuna miki hannunta ya saki ki riga saurayin sani, ko ya barki tare dashi a duhu. Ki duba ta Metropolitan ta Janairun 1982 da Stratas da José Carreras. Da wannan opera ɗin ma gidan ya fara jerin shirinsa na talabijin kai tsaye a Maris 1977, da Luciano Pavarotti da Renata Scotto.

Toh wace Traviata? Guda uku zan ambata kuma ba ɗaya suke a wurina ba. In kina so kiga labarin yadda aka saba, da manyan riguna da fitilu na ƙarni na 19, ki nemi ta Covent Garden ta 1994, Richard Eyre ya tsara, Georg Solti na jagoranci yana da shekara 82, Angela Gheorghiu 'yar Romaniya tana da 29 lokacin ba kowa ya santa ba, har BBC ta sauya jadawalinta dan ta nuna wasan kai tsaye. Da ita nake so ki fara. Ki maida hankali a kashi na biyu inda uban saurayin yazo har gida yana roƙonta ta rabu da ɗansa, dan dangin mijin da ƙanwarsa zata aura sunce in dai ɗan'uwanta na zaune da irin wannan matar to an fasa. Kusan minti 20 mutum biyu ne kawai a ɗaki, yana lallashi yana matsa lamba da sunan mutuncin gida, ita tana ja tana ja har ta saduda. Wannan ba sai an miki dogon bayani ba. Nan ne zuciyar wasan, ba wurin mutuwar ba.

Amma wadda zata baki abun rubutawa akan kyamara itace ta Salzburg a Ostiriya, 2005, Willy Decker ya tsara, Anna Netrebko da Rolando Villazón da Thomas Hampson, Brian Large ne ya ɗauka. Decker ya kwashe komai daga dandamalin. Farin bango ne kawai mai lanƙwasa, da wani ƙaton agogo a jingine, da kujera, ita kuma da jar riga guntuwa, duk sauran jama'a maza da mata an sa musu baƙar kwat iri ɗaya sun zama taron maza masu farautar mace ɗaya. Akwai wani tsoho da yake zaune shiru tun kafin a fara yana kallonta, sai a ƙarshe kike gane shine likita, kuma kin riga kin gane ba likita kaɗai bane. Agogon nan har teburin caca yake komawa a wurin da saurayin ya wulaƙanta ta da kuɗi gaban mutane. Irin wannan tsarin in aka cika matso da kyamara an kashe shi, dan ma'anarsa tana cikin filin da babu kowa, ɗigon ja ɗaya a tsakiyar fari. Kuma jarabar matsowa tana da yawa tunda Netrebko kyakkyawa ce kuma ta iya wasa da fuska. Ki ƙirga da kanki sau nawa Large yake ja da baya ya barta ƙarama, da kuma lokacin da yake yin hakan a cikin kiɗan. Sai dai in gaya miki gaskiya a kashi na biyu akwai wasan masoya da kayan barci, ba wadda zaki kunna a falo gaban su Baba bace.

Ta ukun ta Paris ce ta 2019 da Simon Stone ya tsara, an mayar da Violetta tauraruwar soshiyal midiya, saƙonnin waya na fitowa a manyan allo akan dandamali mai juyawa. Pretty Yende ce ta fito, 'yar Afirka ta Kudu daga wani ƙaramin gari Piet Retief. Dan ita zan ce ki kalla, tsarin kansa a bidiyo hayaniya ya min yawa, allo cikin allo.

Akwai wani abu kuma da bidiyon dandamali yake kamawa wanda ko marubucin bai rubuta ba. Ranar 3 ga Janairun 1985 Leontyne Price tayi bankwana da opera a Metropolitan, a Aida, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Baƙar fata ce daga Mississippi, an haife ta a 1927 lokacin wariya na kan ganiyarta, gidan nan kuwa sai a 1955 ya fara barin baƙar fata ta fito a babbar rawa, wato Marian Anderson. Aida kuma, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a Disambar 1871, labarin 'yar sarkin Habasha ce da ta zama baiwa a Masar. A kashi na uku a bakin Nilu tana waƙar ƙasarta da ba zata sake gani ba. Price na gama waƙar zauren ya ɓarke da tafi da sowa mintuna ana yi an ƙi dainawa, ita kuma ƙa'ida bata yarda ta fita daga rawar ta rusuna ba, dole ta tsaya a Aida. Daraktan bai yanka zuwa 'yan kallo ba, ya bar kyamara a fuskarta. Leɓe na rawa, ido ya cika, tana haɗiye abun tana ƙoƙarin kar ta fashe, mace mai shekara 57 da take bankwana da dandamali da bakin wata mai bankwana da ƙasarta. Ba'a shirya wannan a lokeshin.

Tunda an zo kan Aida, ki shirya ganin abun da zai ɓata miki rai a tsofaffin bidiyo, Turawa da aka shafa musu baƙin fenti su fito a Aida ko Otello, wanda shima baƙar fata ne a labarin. Daga nesa ma abun ba daɗi balle an matso da kyamara kiga inda fentin ya tsaya a wuya. Metropolitan sai a 2015 ta daina yiwa Otello haka, a 2022 kuma mawaƙiya Angel Blue ta janye daga wasanta a Arena ta Verona saboda har lokacin suna yi a Aida. In ya shigo sharhinki ki faɗe shi kai tsaye.

Daga 30 ga Disambar 2006 abun ya sake salo, lokacin da Metropolitan ƙarƙashin Peter Gelb ta fara tura wasanninta kai tsaye zuwa gidajen sinima a ƙasashe da dama. Hoto ya fito tas, kyamara tayi yawa har da mai gudu akan layi a bakin dandamali. Ribar a fili take, amma ta canja wasan kansa, mawaƙa suka fara rage motsi suna wasa da fuska saboda sinima, wanda ya biya kuɗi mai yawa ya zauna a zauren wani lokacin shi ake cuta. Zaɓen mawaƙi da sura ma ya ƙaru, duk da tun kafin nan an fara, a 2004 maganar Deborah Voigt ta fito cewa Covent Garden ta cire ta daga wani wasa saboda jikinta bai dace da 'yar baƙar rigar da aka tsara ba, kuma a lokacin tana cikin waɗanda suka fi kowa iya wannan rawar. Wani abun da ni bana so a irin waɗannan shine hirar da ake yi lokacin hutu, mace ta fito daga inda aka karya mata zuciya tana haki sai a tare ta da makirfo tana dariya tana gaida mutanen garinsu. Kallon farko ki tsallake wurin.

Madama Butterfly in kin samu lokaci ki nemi tsarin Anthony Minghella da aka ɗauka a 2009 da Patricia Racette. Yarinyar labarin shekararta 15 aka aurar da ita ga sojan ruwan Amurka a Nagasaki, amma rawar na buƙatar murya mai nauyi da sai babbar mace ke da ita, dole ki yafe wa idonki. Ɗan nata kuma ba yaro aka kawo ba, 'yar tsana ce irin ta Japan mutum uku sanye da baƙi suna motsa ta, kuma abun mamaki in aka matso da kyamara kan wannan kan na 'yar tsana yana ɗagowa ya kalli uwarsa yafi yaron gaske taɓa zuciya. Akwai kuma Tosca ta 1992 da ba fim ba ba dandamali ba, Domingo da Catherine Malfitano suna waƙa kai tsaye a ainihin wuraren labarin a Rum, coci da rana, fada da dare, kurkuku da asuba, makaɗa da Zubin Mehta suna wani gini daban ana haɗa su ta waya. Gwaninta ce, amma kar ki kai ta a matsayin wasan dandamali.

Wajen kallo, OperaVision kyauta ce a YouTube da shafinsu, gidajen opera na Turai ne suke sakawa da fassara a ƙasan allo, sai dai kowane wasa watanni yake yi a cire. Met Opera on Demand da medici.tv na kuɗi ne. Kar ki kalli wadda babu fassara, kuma ki karanta labarin gaba ɗaya kafin ki kunna, a opera sanin ƙarshe baya rage komai, 'yan zauren ma duk sun san zata mutu. In data ce matsala ki rage ingancin hoto ba komai, amma dan Allah kar kiji ta da lasifikar waya, ita ce take mayar da murya ihu, ki sa iyafis mai kyau. Ki kalla kashi-kashi ki huta a inda suma suke hutawa.

A shafin farko na sharhin ki rubuta sunan gidan, shekara, jagoran makaɗa, daraktan dandamali, sannan daraktan bidiyo daban, kuma duk inda kika yabi wani abu ko kika kushe ki tantance na waye a cikinsu. Sunan daraktan bidiyon a rubutun ƙarshe yake fitowa bayan an gama tafi, masu ɗorawa a YouTube kuma sun cika yanke wurin, in baki ganshi ba ki buga sunan wasan da shekarar ki nemi bayanin faifan.